Ranar da Na Bai wa Akuya Furar Inna Kellu

Assalamu alaikum masu bibiyata, har da ku da ba ku yin sharhi sai ranar da na yi kuskure.

Wata baiwar Allah ta rubuto mini ta ce tun da na fara ba da labarin nan kullum ni ake zalunta, wai ko ni ban taɓa yi wa kowa laifi ba ne? Na gode, 'yar'uwa. Yau ranarki ce, gyara zama.

Ga wanda ya shigo yanzu: sunana Zuliha, 'yar unguwar Birni a cikin Damagaram. A lokacin da nake ba ku labari shekarata ashirin da uku, ina karatun sosiyoloji a Yamai, wato ilimin sanin halin jama'a, wanda ya koya mini halin kowa ban da nawa. Mai nemana shi ne Mai Nasara, malamin lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyen Gaffati, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Dogo, siriri, rigunansa uku, kuma duk na haddace su. An kai gaisuwa, Baba ya karɓa, aka ce sa rana sai bayan kaka.

Kakar da ba wanda ya san ko za ta zo. Daminar baya fari ya yi nasa, fara ta zo ta share ragowar. A wannan kuma ruwa ya sauka sau biyu, mutane suka yi shuka, sai sama ta ɗinke bakinta. A ƙauyuka ana jiƙa anza, 'ya'yan wani itacen daji, kwana da kwanaki don a cire mata ɗaci a samu na sawa a baki. A gidanmu kuwa babban bala'in da ya same mu shi ne pampo ba ya kawo ruwa sai ya ga dama, kuma idan aka ɗauke wuta ƙanƙara tana narkewa a firigo. Na faɗi wannan ne don ku san daga wane tsauni nake kallon duniya.

Ranar wata Talata ƙawata Wasila ta zo. Tare muke a Yamai, 'yar babban ma'aikacin duwan ce, wato kwastam, irin matan da ke iya zaginka da gira ɗaya. Muna falo, na sa lafayata ruwan zuma, gidan yana ta ƙamshin turaren wuta, muna shan yawur, kindirmon kanti mai sanyi, da cokali. Sai ga sallama. Wata dattijuwa ce 'yar ƙarama, ƙafafunta fari fat da ƙura, ɗauke da ƙwarya rufe da faifai. Inna Kellu, mahaifiyar Mushe. Tun daga Gaffati ta taso don ta ga 'yar da ɗanta zai aura, ta damo mini fura da hannunta.

Wasila ta ɗaga girar. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Wace ce?"

Na ce, "Wata ce da ke kawo wa Gwaggo fura."

Ku rubuta wannan, shi ne laifina na ɗaya.

Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba da ta riƙe ni tun rasuwar Mama, ita ta karɓi baƙuwar, ta shimfiɗa mata tabarma, suka gaisa har suka gaji. Ni ma na fita na durƙusa rabin durƙuso, na karɓi ƙwaryar da yatsu huɗu. Inna ta yi azahar, ta sa mini albarka, ta ce kada in damu da ƙwaryar, Mushe zai karɓa in ya shigo gari. Ta tafi.

Wasila ta fito tsakar gida ta buɗe faifan. Ƙwaryar tsohuwa ce, ta tsage an ɗinke ta da zare.

"Zuli, ba dai sha za ki yi ba? Da ruwan rijiyar ƙauye, a wannan shekarar? Sai dai mu zo duba ki a asibiti."

Wallahi furar tana ƙamshin citta da kanumfari, kuma yawuna ya tsinke. Amma Wasila tana kallona. Na ɗauki ƙwaryar, na taka har gindin dalbejiya inda Kyalla akuyar Gwaggo take ɗaure, na dire mata, har da cewa, "Bismillah, madam." Muka tuntsire da dariya.

Muna cikin dariyar aka sake sallama. Inna Kellu ta manta carbinta a kan tabarma.

Ta tsaya a bakin zaure. Ta dubi akuya, kanta cikin ƙwarya har kunne. Ta dube ni. Na jira ta yi faɗa, don da ta yi faɗa da na samu abin riƙewa. Ba ta yi ba. Ta ɗauki carbinta, ta ce, "In ta gama, a ba ni ƙwaryata."

Kuma ta tsaya ta jira. Ban san akuya tana daɗewa haka a kan fura ba. Kyalla ta sha, ta lashe, ta ɗago ta yi atishawa, ta koma ta sake lashewa. Da ta gama Inna ta sunkuya ta ɗauki abinta, ta rufe da faifai, ta ce mana mu yini lafiya.

Gwaggo tana ƙofar kicin, ta ga komai. Wasila ta tuna tana da wani uzuri.

"Gobe da sassafe za ki Gaffati," in ji Gwaggo. "Ki durƙusa, gwiwa biyu, ba irin wannan na masu ciwon baya da kika yi ɗazu ba."

"Gwaggo, ai fura ce kawai."

"To, Hajiyar Yamai. In ba ki je ba zan gaya wa ubanki, shi ya bayyana miki mene ne fura a bana."

Na ce zan je. Na ce sai na ɗan shirya zuciyata. Zuciyar nan ta ɗauki kwana goma sha tara tana shiri.

Ku fahimci yadda muke da Mushe. Waya sabuwar aba ce a lokacin, kuma a Gaffati rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sai ya hau wani tudu a bayan lakwal. Kullum da la'asar sai ya hau ya turo mini mesaj. Har yau ina tuna na ranar Litinin, jajibirin abin: "Madmazel, yara arba'in da ɗaya a rajista, sha biyu suka zo, sauran sun bi iyayensu kudu. Yau mun zana girgije a allo. Ina kewarki."

Talata da la'asar, shiru. Laraba, shiru. Alhamis na kai wayar wajen mai gyara, ya ce lafiyarta lau, har ta fi ni.

Na ce shi ke nan, tsohuwa ta kai ƙarata. Da salo-salonta na shiru-shiru, ashe munafuka ce. Na faɗa wa Wasila haka, na faɗa wa mai yi mini kitso, na faɗa wa mai lalle. Wannan shi ne na uku, in kuna lissafi, don akuyar ce ta biyu.

Sai na fara tura mesaj.

"Mushe, lafiya? Shiru."

"In wani abu aka gaya maka, ka sani ba ka ji ta bakina ba."

"Likitoci ma sun hana shan ruwan rijiya a wannan lokaci. Ba raini ba ne, kimiyya ce."

"Ina mamakin mutum mai ilimi irinka da yanke hukunci ba bincike."

Da na ga ba amsa, sai na yanke shawarar in ƙasƙantar da kaina gaba ɗaya. Na zauna a bakin gado na rubuta, na goge, na sake rubutawa: "In har Inna ta ji wani abu a ranta, to ba haka na nufa ba." Da na tura sai da na yi hawaye, saboda tausayin yadda na sauko ƙasa haka.

A kwana na tara wayar ta yi ƙara. Na zubar da kofin shayi garin ɗauka. Kalma uku ce: "Wa ke magana?"

Wa ke magana! Ni Zuliha? Ni da na ƙi ɗan kwamandan jandarma saboda mai riga uku? Na kifa wayar a ƙarƙashin katifa, na rantse ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan taka Gaffati ba.

A makon ne aka yi shela a masallatai: a yi azumi kwana uku, a yi sadaka, kowa ya nemi gafarar wanda ya zalunta, ran na huɗu da hantsi a fita roƙon ruwa. Na ji wani sanyi a raina. Ga mafita ta zo har gida. Me zai kai ni wajen Inna Kellu alhali ga Ubangijin Inna Kellu? Ni a Yamai ma ban saba bin layin sakatare ba in darakta yana nan.

Na tuba, jama'a. Ban taɓa ganin tuba mai tsari irin tawa ba. Azumi uku cif, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ya ji cewa ina yi. Istigfari dubu kullum, a tsakar gida, inda carbin zai yi ƙara. Na dafa dambu na raba a unguwa da hannuna, ina sunkuyar da kai in an gode.

Gwaggo tana tankaɗe tana kallona.

"Wa kike bai wa haƙuri ne haka?"

"Allah, Gwaggo."

"To. Shi ya dama furar?"

"Gwaggo, saɓo kike yi."

"Tambaya nake yi, 'yar lakwal. Ku ba a koya muku amsa tambaya ba?"

Ranar fita ta zo da matsala. Roƙon ruwa ba a zuwa da ado, da tsofaffin kaya ake fita, ba turare, ba kwalliya. Na zazzage akwatina biyu, ban samu abin da ya tsufa yadda ya kamata ba. Na ari wani koɗaɗɗen zanen Gwaggo da take sawa in za ta wanke tukwane. Na wanke shi, na shanya, na goge shi da dutsen guga har sau biyu. Na gwada ɗaurin kallabi kala uku a gaban madubi kafin in samu wanda ya fi nuna nadama. Humra kuwa ban shafa ba, sai ɗan ɗigo a wuyan hannu, don kada in cutar da na kusa da ni.

"Ba a ce 'yan mata su fita ba," in ji Gwaggo. "Tsofaffi da yara ake so."

"Ni zuciyata ce ta tsufa, Gwaggo."

Fili ya cika maƙil. Rana tana dukan ƙeya tun hantsi, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Mutanen ƙauye sun shigo da yawa, su ba su sha wahalar neman tsofaffin kaya ba. Aka yi raka'a biyu, liman ya tashi ya yi huɗuba. Ya ce abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa istigfari yana wanke shi, amma abin da ke tsakanin bawa da bawa, sai ka taka da ƙafarka ka je wajen mai haƙƙi. Gwiwar hannun Gwaggo ta sauka a haƙarƙarina. Sannan ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa, maza duk suka juya nasu, na dama ya koma hagu. Akwai wani tsoho can gefe da ya daɗe yana jujjuya rigarsa, ta yage har ba a gane cikinta da bayanta.

Aka ɗaga hannuwa, fili ya ɗauki kuka. Ni ma na yi, sosai. Amma tun da yau ranar gaskiya ce: ta tsakanin yatsuna ina leƙen ko matar limamin unguwarmu ta ga yadda kafaɗata ke girgiza.

Ruwa bai zo ba. Da la'asar wani hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, yara suka fara ihu, sai iska ta kwashe shi ta bar mana yashi a cikin miya.

Gwaggo ta ce, "Ke kika riƙe ruwan nan."

Kun san me na ji? Daɗi. Can ƙasan raina na ji daɗin cewa daminar Damagaram gaba ɗaya, daga Mirriya har Guna, a bakina take rataye. Wannan daɗin ne ya tashe ni, ba tsoron Allah ba. Na ce to, zan je in ceci talakawa.

Washegari na sa a ɗauko buhun shinkafa daga ɗakin ajiyar Baba, aka yi mana shatar taksi.

"Buhun na mene ne?" in ji Gwaggo.

"Ba za a je hannu rabbana ba."

"Bakinki aka ce ki kai."

Ban saurare ta ba. A hanya ina ta tsara yadda abin zai kasance: zan durƙusa, mata za su taru, wata ta ce kai, 'yar Birni mai karatu a Yamai, dubi tawali'u. Inna za ta fashe da kuka ta ɗago ni. Mushe zai ji labari ya zo yana ba ni haƙuri, ni kuma zan ɗan ja masa rai kwana biyu. Ta taga gonaki suna wucewa, shukar ta fito kamar tsawon yatsa ta ƙone a tsaye.

Mata sun taru kam. Tun kafin direba ya kashe mota suka kewaye mu. Sun ga mota, sun ga buhu, sun ga mace da jaka a kafaɗa, sai suka ɗauka masu rabon agaji ne. "Madam, rubuta ni, 'ya'yana biyar." "Madam, ni ba a rubuta ni wancan karon ba." Wata ta kwance goyonta ta miƙo mini, wai in duba hannunsa in gani da idona. Na duba. Ban san inda zan sa idona ba bayan nan.

A haka aka sauke buhun a ƙofar gidan Inna Kellu, garin duka yana kallo.

Tana zaune a inuwar rumbu, tana sauya wa anza ruwa. Ta gaisa da Gwaggo a natse, ta sa aka ja ƙyauren kara aka rufe, masu kallona duk suka koma waje. Ta dubi buhun.

"Wannan fa?"

"Inna, ɗan abin da ba a rasa ba ne."

"Ɗiyata, furar da na kai miki ba ta sayarwa ba ce. Yanzu gari ya ga an sauke mini buhu ni kaɗai. Ladi, in za ku tafi a buɗe shi a waje a raba musu." Ta juyo gare ni. "Sai me kuma?"

Na durƙusa, gwiwa biyu. Na fara jawabin da na tsara: yanayin zafi, ruwan rijiya, Wasila da halinta, yadda ɗan Adam yake da rauni. Ta bar ni har na ƙare.

"Duk na ji. Kin ce zafi ya yi laifi, rijiya ta yi, ƙawarki ta yi. To su zo su nemi gafara. Ke me ya kawo ki?"

'Yan'uwa, na yi jarrabawar baka a gaban farfesoshi uku ban ji abin da na ji ba. Ba mai kallo sai Gwaggo da kaza ɗaya. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

"Na wulaƙanta ki, Inna. Na ce wa ƙawata ke mai tallar fura ce. Na bai wa akuya don a yi dariya. Bayan nan na bi gari ina ce miki munafuka. Ki yafe mini."

"Munafuka kuma? Wannan ban sani ba." Ta gyara zama. "To, har shi na yafe. Na akuya tun a mota na yafe, ba don ke ba, don muna neman ruwa. Amma me na yi na munafunci?"

"Kin gaya wa Mushe. Ya daina yi mini magana."

Ta dubi Gwaggo, ta dube ni.

"Ni in buɗe baki in ce wa ɗana matar da zai aura ta ba akuya furata? In sa fuskata ina? Bai san komai ba. Wayar ce ya sayar, ita da ɗan katin cikinta, tun ran Talatar nan a kasuwa, ya sayo iri don a sake shuka in ruwa ya dawo. Wani mahauci a Mirriya ya saya. Yana ta jin kunyar gaya miki."

Gwaggo ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Kafaɗunta suna rawa fiye da nawa a filin roƙon ruwa. Mesaj goma sha ɗaya, jama'a. Har da na kimiyya. Mahauci.

"Ga shi can tafe daga gona," in ji Inna. "Ni ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. In kin yi shiru, maganar ta mutu a nan."

Ta buɗe mini ƙofa, faɗinta kamar ta gidan sarki. An yafe mini, mutuncina yana nan, aurena yana nan. Abin da ya rage kawai in yi murmushi.

Ya turo ƙyauren da hauya a kafaɗa, cikin riga ta biyu, mai shuɗi. Ya rame. Da ya gan ni fuskarsa ta washe gaba ɗaya kamar yaro.

"Madmazel! Ke ce da kanki? Me ya kawo ki?"

Har yau ban san ko tsoron Allah ne ya buɗe bakina ba, ko kuwa na gaji ne da kaina. Na ce, "Mushe, ajiye hauyar. Akwai abin da na yi wa Inna."

Na faɗa masa duka, ban sa zafi ba, ban sa rijiya ba. Murmushin ya riƙa janyewa a hankali har ya ƙare. Bai dube ni ba. Mahaifiyarsa ya duba.

"Fura? Inna, da wane hatsi kika yi fura? Wata biyu ba a daka hatsi a gidan nan ba."

Inna ta ci gaba da juya anza a cikin ruwa.

"Inna. Tiya biyun nan na ragowar iri, da kika ce mini ɓera ya ci?"

Tsohuwar ta tsame hannunta daga ruwan, ta goge a zane, ta dube ni da gajiyar da ban taɓa gani a fuskar mutum ba.

"Kin gani ko, 'yar Birni? Ke ko tuba za ki yi, sai kin tona wa wani asiri."

Mushe ya sunkuya ya ɗauki hauyarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bayansa gare ni, ya ce, "Gwaggo, ku gaida Baba. Ku ce masa zan shigo ran Juma'a, ina da magana da shi."

Bai ce mini sai an jima ba.